Labaran Ban Dariya Na Mutanen Kaduna: Tarihi Ne Ko Cin Naman Mamaci?

Daga 1952 zuwa 1957, Baturen da ke riƙe da Jihar Arewa a madadin Sarauniyar Ingila yana zaune ne a gidan gwamna na Kaduna. A takarda sunansa Sir Bryan Sharwood-Smith. A bakin masinja da ɗan doka da direba da mai tallar goro kuwa, Mai Wandon Ƙarfe ne, kuma da wannan sunan dattawa suke tuna shi har gobe. Ba a kansa aka fara ba. Kyaftin Abadie, Razdan na Zariya a farkon zuwan Turawa, da Mai Jimina aka san shi. Hanns Vischer, wanda ya keto Sahara daga Tarabulus zuwa Borno a 1906, ya kuma buɗe makarantar boko a Nasarawar Kano a 1909, shi ne Ɗan Hausa, gidansa ma da sunan ya tafi. Talakan wancan zamani ba shi da kujera a majalisa, ba shi da jaridar da zai kai wa kukansa, amma yana da ido yana da baki. In ya ƙare wa mai mulki kallo sai ya raɗa masa suna, sunan ya jawo labari, labarin ya jawo dariya, dariyar kuma ta riƙe abin da takardun ofis suka bari ya zube.

Babu garin da ya dogara da irin waɗannan labarai kamar Kaduna. Kano tana da jerin sarakuna tun daga Bagauda, Katsina tana da hasumiyar Gobarau, Zariya tana da ganuwa da ƙofofi. Kaduna kuwa sai a 1917 Turawa suka kwaso helkwatarsu daga Zungeru suka dire ta a ƙasar Gbagyi, a bakin kogi, inda hanyar jirgin ƙasa ta ratsa. Hatta gadar ƙarfen nan ta tarihi da ke filin Gamji baƙuwa ce: a Zungeru Gwamna Lugga ya gina ta a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo ta nan. Mutanen ma haka suke. Soja da leburan reluwe da akawu da kuku da mahauci da malamin allo, kowa da garin da ya baro. Su ne suka cika Unguwar Shanu da Unguwar Kanawa da Unguwar Sarki da Unguwar Rimi da Kawo da Abakwa da Kabala. Ba su tarar da maroƙin fada mai haddace asalin kowa ba. Abin da suka bar wa jikokinsu shi ne "labarin wane": yadda wani akawu ya yi da Baturensa, yadda wani alƙali ya warware rikicin akuya, amsar da wani ɗan siyasa ya ba ɗan jarida. A kan benci bayan la'asar, ko a teburin mai shayi bayan lisha, a nan ake karanta tarihin garin, kuma kusan kowane babi nasa da dariya yake ƙarewa.

Sai dai duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami ya san akwai tambaya mai nauyi a ƙarƙashin wannan nishaɗi. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili, ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi. Aya ta 12 ta kamanta mai giba da mai cin naman ɗan'uwansa da ya mutu. A cikin Sahihu Muslim, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana giba da cewa ambaton ɗan'uwa ne da abin da ba ya so. Da aka tambaye shi hukuncin in abin da aka faɗa gaskiya ne, sai ya nuna cewa gaskiyar ita ce gibar, in kuwa ƙarya ce to an yi ƙage. Nana A'isha ta taɓa nuni da gajartar kishiyarta Nana Safiyya, abin da kowa ke gani da idonsa, amma aka gaya mata cewa kalmar da ta furta za ta iya gurɓata teku. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito narko mai tsanani ga wanda ke shara ƙarya don mutane su yi dariya. Buhari kuma ya ruwaito hanin zagin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Mai ba da labari a majalisa ya shiga tsaka mai wuya ke nan. In ya ce, "Wallahi gaskiya ce, a gaban babana aka yi," ya amsa laifin giba da bakinsa. In ya ce, "Ai ƙarin gishiri ne kawai," ya amsa laifin ƙarya. In ya ce, "Ai mutumin ya daɗe da rasuwa," ya ƙara wa kansa kaya, domin mamaci ba ya nan balle ya kare kansa ko a nemi gafararsa. Wasu masu tsantseni, da suka auna wannan, sai suka zaɓi su tashi daga duk wurin da aka ambaci sunan wani aka yi dariya. Tsoronsu abin girmamawa ne. Amma da a ce hukuncin ya tsaya nan, da an rufe littattafai da yawa da malamai suke buɗewa kullum.

Domin kuwa littattafan da suka kawo hanin su ne suka kawo raha. Tirmizi ya keɓe babi guda a cikin Shama'il kan barkwancin Manzon Allah (SAW), inda sahabbai suka yi mamakin yana wasa da su, shi kuma ya tabbatar musu ko a cikin wasa gaskiya kaɗai yake faɗa. A nan ne aka samu labarin mutumin da ya roƙi abin hawa aka yi masa alƙawarin ɗan taguwa, ya ce me zai yi da ɗan taguwa, aka tuna masa cewa kowane raƙumi taguwa ce ta haife shi. Akwai kuma labarin Nu'aimanu da Suwaibiɗu, mutane biyu da suka halarci Badar, waɗanda suka bi Sayyidina Abubakar fatauci zuwa Busra. Ɗayansu yana riƙe da guzuri, ɗayan ya nemi abinci aka ce ya jira shugaban tafiya. Sai ya sulale wurin wasu matafiya ya ce yana da bawa na sayarwa, amma fa bawan akwai shi da baki, zai rantse muku shi ɗa ne, kada ku saurare shi. Suka biya taguwa 10, suka zo suka ɗaure mai guzuri yana ta ihun shi ɗa ne, su kuwa suna cewa an riga an gaya mana. Sai da Abubakar ya dawo ya mayar da dabbobin ya karɓo shi. Ruwayar ta ce an shekara ana dariyar wannan a Madina.

Abin lura a nan shi ne yadda malamai suka riƙi labarin. A ruwayar Imamu Ahmad, Nu'aimanu ne ya sayar da Suwaibiɗu. A ta Ibnu Majah, Suwaibiɗu ne ya sayar da Nu'aimanu. Masana hadisi sun lura da wannan saɓani sun rubuta shi, wasu ma sun raunana isnadin. Ba su ce tunda abin dariya ne a bar shi ya tafi yadda ya ga dama ba. Ma'aunin da suka ɗora wa hadisin hukunci shi suka ɗora wa labarin raha, saboda akwai sunan mutum a ciki, kuma sunan mutum amana ne.

Malaman da suka biyo baya ba su guji fagen ba. Ibnul Jauzi, babban mai wa'azin Bagadaza da ya rasu a 1201, wanda ake kuka a majalisinsa, ya wallafa littafi kan labaran wawaye da gafalallu, da wani kan masu kaifin basira. Haɗibul Bagdadi, jigon ilmin hadisi, ya tara labaran 'yan gayyar soɗi. Muƙamar Hariri, da ake karantawa a zaurukan Zariya da Kano da Sakkwato don gogewa a lugga, daga farko har ƙarshe dabarun wani tsoho ne mai wayon tsiya. Gazali da Nawawi sun lissafa wurare 6 da ambaton mutum a bayan idonsa ba ya zama giba, cikinsu har da kai ƙarar azzalumi, da gargaɗin jama'a, da faɗin abin da mutum ya aikata a fili, da kiransa da laƙabin da aka san shi da shi in ba da nufin wulaƙanci ba. Manyan maruwaita irin su A'amash da A'araj da laƙabin lalurar jikinsu suka shahara. Sahawi na Masar, wanda ya rasu a 1497, littafi guda ya rubuta don mayar da martani ga masu zargin ilmin tarihi, kuma cikin zarge-zargen da ya amsa har da cewa tarihi giba ne.

Abin da ke fitowa daga wannan duka shi ne, dariyar ba ita ce abar tuhuma ba. Abin dubawa shi ne halin da mutumin ya fito daga cikin labarin. Ya fito da mutuncinsa, ko an tuɓe shi? Aikin da ya yi a bainar jama'a ake faɗa, ko asirin ɗakinsa da halittar da bai zaɓa wa kansa ba? Tarihin Kaduna da na maƙwabtanta yana da misalin kowanne.

A ɗauki Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa. Ranar 1 ga Oktoba 1979 ya hau kujerar gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina, a ƙarƙashin jam'iyyar PRP. Majalisar dokoki da ke zama a zauren Lugga kuwa 'yan NPN ne suka fi yawa a cikinta. Ya aika sunayen kwamishinoni suka mayar masa, ya sake aikawa suka sake mayarwa. Haka aka yi ta yi, shi bai sassauta ba su ba su sassauta ba, har ya shafe kusan wata 21 yana mulkin jiha ba shi da kwamishina ko ɗaya, kafin su tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981, gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a Nijeriya. Dattawan da suka ga zamanin ba sa ba da wannan labari ba tare da murmushi ba, na PRP da na NPN duka. Amma wa aka ci wa mutunci? Babu. Komai a fili aka yi shi, da sunan jama'a, da kuɗin jama'a. Wanda ya saurara ya tashi da sanin taurin kan gwamnan, wanda masoyansa ke kira tsayuwa kan aƙida, ya kuma fahimci yadda tsarin mulkin 1979, da aka ɗauko samfurinsa daga Amurka, zai iya cijewa in gwamna da majalisa suka ja daga. Yaron da ba zai zauna ya karanta kundin tsarin mulki ba zai riƙe wannan har tsufansa. Shi kansa Balarabe, har ya rasu a Nuwamba 2020, bai taɓa ɗaukar tsigewar abin kunya ba.

Alhaji Sabo Bakin Zuwo kuwa labarinsa ya bi wata hanya. Wata 3 kacal ya yi yana gwamnan Kano, daga Oktoba zuwa ƙarshen Disamba 1983, amma da wuya a sami ɗan siyasar Arewa da aka jingina wa labaran ban dariya kamarsa, kuma a ofisoshin Kaduna an ba da su fiye da ƙima. Iri biyu ne. Na farko ya shafi kuɗi Naira miliyan 3.4 da sojoji suka ce sun samu a wurinsa bayan juyin mulki, da amsar da aka ruwaito ya bayar, cewa me ye abin mamaki in an ga kuɗin gwamnati a gidan gwamnati. Wannan magana ce ta dukiyar jama'a, kuma jama'a suna da haƙƙin tunawa da ita, da dariya ko ba dariya. Na biyu shi ne wanda aka ce an tambaye shi ma'adinan jiharsa ya shiga lissafa lemon kwalba, saboda kalma ɗaya 'yan Nijeriya ke amfani da ita ga duka biyun a Turanci. Kowane mai ba da labarin da irin lemon da yake lissafawa. Me ake yi wa dariya a nan? Mutum bai yi zurfi a boko ba. Dariyar mai takarda ce a kan marar takarda, a ƙasar da mafi yawan iyayen masu dariyar ba su taka aji ba.

Hasarar kuma a fili take. Matasa da yawa ba su san komai game da Bakin Zuwo ba sai lemon kwalba. Ba su san tsohon ɗan gwagwarmayar NEPU ne ba, ba su san ya yi sanata daga 1979 ba, ba su san shi ne ya kayar da Abubakar Rimi a zaɓen 1983 ba, ba su san shi ne ya rufe silimar Palace ya mayar da ita asibiti ba. Labari ɗaya ya haɗiye mutum sukutum. Wannan shi ne cin naman da ayar ta ambata: an cinye mutumin, an bar wa 'yan baya abin dariya a madadinsa.

Hausawa sun daɗe da sanin wani sharaɗi da ke tsare wasa daga zama cuta, shi ne wanda ake tsokana ya kasance yana da bakin ramawa. Kaka da jika, taubashi da taubashiya, Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe, duk a kan wannan ƙa'ida suke. Ka faɗa mini in faɗa maka, a gaban juna, kuma ranar da ɗaya ya shiga uku ɗayan ne na farko a ƙofar gidansa. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki wannan al'ada da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014, domin tana kashe rigima tsakanin makiyayi da manomi tun kafin a kai ga alƙali. Kaduna, da ta tara kowace ƙabila a layi ɗaya na gidajen reluwe da bariki, ta ci moriyar wannan wasa ƙwarai.

Amma akwai waɗanda aka daɗe ana dariyarsu ba tare da an ba su damar ramawa ba. A Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon akwai rubuce-rubucen ajami da Frank Edgar ya tara, waɗanda daga irinsu ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i 3, tsakanin 1911 da 1913. Taska ce babba, kuma malaman Hausa ne suka rubuta abin da ke cikinta da hannunsu. A ciki akwai labaran alƙalai da malamai da wanzamai, akwai kuma jerin labarai kan Bamaguje da Bagware da Buzu, inda kusan kullum su ne marasa wayo. Shekara fiye da 100 ke nan, kuma irin waɗannan labarai ba su mutu ba. Ana ba da na Bagware a cikin garin da aka gina a gonakin kakanninsa.

Na Buzu ya fi ciwo in aka san abin da ya kawo shi. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, sun karkashe dabbobi a Azbin da Azawak, suka tilasta wa dubban mutane gangarowa biranen Nijeriya. Mutumin da kakanninsa suka ja ayarin raƙuma zuwa Bilma da Fashi suka kawo gishiri da dabino har Kano, mai rubutunsa na Tifinag tun kafin boko, sai ga shi a ƙofar wani gida a Unguwar Rimi ko Malali yana gadi, da rawaninsa da takobinsa da butar shayi. Yaran gida suna kwaikwayon Hausarsa, manya suna ba da labarinsa a wurin biki. Kaɗan ne suka taɓa zama suka tambaye shi labarin garinsu, alhali mutanen hamada suna da nasu barkwancin, har da wanda suke yi a kan mutanen birni.

Madina ma ta san mutumin hamada. Zahiru sunansa, baƙauye ne da ke kawo wa Manzon Allah (SAW) tsarabar daji, shi kuma ya haɗa masa ta birni in zai koma. Ruwaya ta ce ba kyakkyawa ba ne. Wata rana yana tsaye a kasuwa yana sayar da kayansa, sai Annabi ya zo ta bayansa ya rungume shi, ya shiga tambayar wa zai sayi wannan bawa. Da Zahiru ya gane ko wane ne, sai ya ƙara manna bayansa a ƙirjinsa, ya ce ai in shi ne za a yi kwantai. Aka amsa masa cewa a wurin Allah shi mai tsada ne. Duk kayan cin fuska sun haɗu a wannan wuri: baƙauye, talaka, marar kyan gani, a tsakiyar kasuwa, a hannun shugaba. Amma wanda aka yi wasan da shi ya bar kasuwar ya fi yadda ya shigo ta daraja, kuma shekara fiye da 1,400 ana ambaton sunansa da ƙauna saboda wannan wasa. Wanda ke neman ma'aunin labarin Buzun ƙofar gidansa ba ya bukatar wani bayan wannan.

Masu wasan kwaikwayon Kaduna sun gano wata mafita tasu. Tun da aka buɗe gidan Rediyo da Talbijin na Kaduna a 1962, sun koyi ɗaukar halin gaskiya su cire sunan mai shi. Usman Baba Pategi, ɗan gidan sarautar Pategi kuma tsohon soja, ya zauna da saje da kofur da kurtu, ya ji Hausar bariki da kunnensa, ya fito da Samanja Mazan Fama. A garin da ke da helkwatar Runduna ta Ɗaya a Kawo da makarantar horar da hafsoshi tun 1964, babu sojan da bai san wani samanja mai irin wannan tsawa da wannan zuciya ba, amma babu samanjan da zai ce da shi ake. Sojoji da kansu suna cikin waɗanda suka fi son shirin. Ƙasimu Yero ya yi irin wannan da Karambana, ya nuna wa mai shisshigi kansa ba tare da ya kira sunan kowa ba. Yero ya rasu a 2017, Pategi a Nuwamba 2023, kuma abin da suka bari yana gaya wa mai nazari yadda aka zauna a Kaduna fiye da rahotannin hukuma da yawa.

Garin ya kuma ɗanɗana abin da maganar ganganci ke jawowa. A Nuwamba 2002, lokacin gasar sarauniyar kyau ta duniya, wata jaridar Legas ta buga sharhin da ya taɓa janibin Annabi (SAW) cikin sigar wasa. Aka ƙona ofishin jaridar a Kaduna, rikici ya ɓarke, mutum fiye da 200 suka mutu, aka ɗauke gasar zuwa Landan. Maganar ba ta dace ba, kuma akwai alfarmar da ba a kai wasa wurinta. Jinin waɗanda ba su rubuta ba, ba su ma karanta ba, shi ma babu addinin da ya halatta shi. Wannan ya zo ne a kan raunin rikicin 2000 da bai warke ba, kogin ya zama iyaka, Musulmi suka tattaru a arewa, Kirista a kudu. Cikin abubuwan da aka rasa har da benci ɗaya da Bahaushe da Bajju da Bayarabe da Ibo suke zama suna tsokanar juna. Da aka rabu, labaran ba su daina ba, sai dai yanzu kowa yana ba da na ɗan'uwansa a inda ɗan'uwan ba ya ji.

Wayar hannu ta ƙara dagula lissafin. A majalisar unguwa akwai birki. In labari ya fara wuce gona da iri, dattijo zai ce, "Kai, a bar zancen nan, ɗansa na zaune," ko wani ya ce, "Ba haka aka yi ba, ina wurin." A WhatsApp da TikTok babu dattijo, babu wanda yake wurin. Ana ɗaukar tsoho ya yi tuntuɓen harshe, ko mai taɓin hankali a bakin Kasuwar Barci, ko ɗan ƙauye da aka yi wa tambayar da aka san ba zai iya amsawa ba, kafin magariba mutum dubu ɗari sun gani. Wanda ya tura ba shi ya ɗauka ba, amma malamai sun daɗe da bayyana cewa mai sauraron giba da yarda abokin tarayya ne, balle mai yaɗa ta.

Duk da haka, barin labaran su mutu ba tsantseni ba ne, asara ce. Yaron da yake da shekara 10 ranar da aka yi wa Sarauniya Elizabeth hawan daba a filin sukuwa na Kaduna a 1956, yau yana wajen 80. Waɗanda suka yi wa Sardauna aiki a gidansa na titin Rabah, inda Gidan Arewa yake a yau, saura ƙalilan. Haka tsofaffin ma'aikatan reluwe, da na gidan rediyo, da matan da suka fara sayar da abinci a Kasuwar Kawo, da dattawan Gbagyi da suka san sunan kowane rafi kafin a yi masa kwalbati, da Buzayen da suka zo a 1974 suka aurar da 'ya'yansu a nan. Ɗaliban Hausa da na tarihi a Jami'ar Jihar Kaduna da masu bincike a Gidan Arewa suna da na'urar ɗaukar magana a aljihunsu. Aikin da ke gabansu irin na masu hadisi ne: a rubuta wanda ya faɗa, da wanda ya ji daga gare shi, da shekarar da abin ya faru. In ruwaya biyu sun saɓa a ajiye su duka. In labarin ya taɓa wani gida a je a ji ta bakin 'ya'yan gidan, in ya taɓa wata ƙabila a nemi nata labarin a kan masu ba da shi, a ɗauka da harshenta, a ajiye su a faifai ɗaya.